"Firinta Ta Ƙi": Bin Sawun Takarda Daga Kwamfuta Zuwa Saba Zuwa Firinta

Ina cikin danfo daidai Oshodi, ranar wata Litinin da hantsi, sai ga kiran Alhaji. Ofishinsa na sufuri yana Apapa, tirelolinsa na kwasar kwantena daga tashar jirgin ruwa zuwa Kano da Kaduna, ni kuma nake duba masa na'urorin ofis. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Injiniya, firinta ta ƙi. Ga direbobi nan jibge a baranda suna jiran takardar lodi." Na ce, "Ranka ya daɗe, kowa ta ƙi wa, ko mutum ɗaya?" Ya yi jim, ya ce, "Ta ƙi dai. Ka taho."

Tambayar nan da Alhaji ya ɗauka ɓata lokaci ce, ita ce rabin aikin. In mutum ɗaya ne ya kasa buga takarda, matsalar tana tsakanin kwamfutarsa da saba, wato kwamfutar da ke tsakiya tana karɓar aikin kowa ta miƙa wa firinta. In kowa ya kasa amma a firinta ɗaya, sai a duba tsakanin saba da wannan firintar. In kuwa duk firintocin ofis sun yi tsit lokaci guda, saba ce ta kwanta. Cutar daban-daban ce, amma sunanta ɗaya a bakin mutanen ofis: firinta ta ƙi. Shi ya sa kafin ka iso an kashe ta an kunna sau biyar, an zaro tona an girgiza, har wani ya kai mata mari a gefe, ita kuwa lafiyarta ƙalau. An bar jaki ana dukan taiki.

Sai mutum ya san hanyar da takarda ke bi kafin ya san inda ta maƙale. Idan akawu ya danna maɓallin firintin, takardar ba wajen firinta take nufa ba. Wata 'yar manhaja da ake kira direba ce ke fara juya ta zuwa harshen da firintar ke ji. Daga nan wani ma'aikaci da ke gudana a ɓoye cikin Windows, mai suna Print Spooler, ya miƙa ta ta netwok zuwa saba, wadda wasu ke kira uwar garke. Ita ma sabar tana da nata Spooler ɗin, kuma shi ne ɗan kamashon tashar: ya karɓi kowane aiki, ya rubuta shi a faifai, ya ba shi layi. Yana ajiye su a C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, kowane aiki fayil biyu. Mai ƙarewa da SPL shi ne takardar kanta, mai ƙarewa da SHD kuma bayaninta ne, wa ya aiko, wace firinta za ta. In layi ya zo kanta, saba ta tura ta zuwa adireshin IP na firinta, yawanci ta ƙofa mai lamba 9100, wadda ta samo asali daga katunan JetDirect na HP. Wasu tsofaffin na'urori ta 515 suke karɓa, sababbi kuma da yawa ta 631.

To me ya sa ake sa saba a tsakiya, tunda kowace kwamfuta na iya magana da firinta kai tsaye? Saboda a wuri ɗaya ake ajiye direba, a wuri ɗaya ake yanke wanda zai taɓa firintar kala da wanda ba zai taɓa ba, kuma a nan ake ganin wanda ya cinye takarda. Ladan kenan. Farashinsa shi ne ranar da saba ta yi tari, ofis gaba ɗaya ya kamu da mura.

Ni kullum daga ƙarshen hanya nake farawa, wato daga jikin firinta, in riƙa dawowa baya. Da na isa Apapa, bayan na sha cunkoson Mile 2, ban taɓa kwamfutar kowa ba. Na je gaban firintar na sa ta buga shafin bayanan kanta daga maɓallan jikinta. Ta fito da shi tas. Wannan shafi ɗaya ya wanke injin, ya wanke tona, ya wanke abin jan takarda, kuma ya ba ni abin da na zo nema: adireshinta na yanzu, 192.168.1.114. Na hau saba, na buɗe Printer Properties, na shiga shafin Ports. Can an rubuta 192.168.1.107. Tun safe saba take aika wasiƙa gidan da mai shi ya tashi.

A Legas wannan ita ce cutar da ta fi kowace yawa, kuma wuta ce uwarta. Rawuta ita ke raba wa na'urori adireshi ta tsarin da ake kira DHCP, kuma aro take bayarwa na ɗan lokaci, ba kyauta ba. Ƙananan rawutoci da yawa a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke riƙe lissafin wanda suka ara wa, da an ɗauke wuta lissafin ya tafi. Ga kuma yadda muke jona kaya a nan: saba tana kan inbata ko UPS, amma firintar leza ba a sa ta, domin abin da ke gasa tona a jikin takarda yana jan wuta sosai lokacin da yake ɗaukar zafi, ƙaramin UPS ba ya iya masa. Saboda haka saba tana nan daram, ita kuwa firinta tana mutuwa tana tashi duk lokacin da NEPA ta ɗauke aka tayar da janareta, da kuma lokacin da aka dawo da wutar aka sake juyawa. Duk tashi ɗaya sai ta sake roƙon adireshi. Yawanci a ba ta nata na da. Ranar da wayar wani ta riga ta, shi ke nan.

Ga wani tarko da na taɓa faɗawa ciki ina sabon shiga. Ka buga ping, umarnin da ke gwada ko akwai na'ura a wani adireshi, zuwa tsohon adireshin, ka ga amsa tana dawowa, ka ce ai firinta tana kan netwok. A ofishin Alhaji ma 107 ɗin tana amsawa. Na zare kebul daga bayan firintar na sake bugawa, amsa ba ta tsaya ba. Wayar mai gadi ce, wanda ya kwana yana kallon bidiyo da Wi-Fi na ofis ranar Lahadi. Ping ba ya gaya maka wanda ya amsa sallama, yana gaya maka akwai mutum a gidan ne kawai. Abin da ya fi shi shi ne ka rubuta adireshin a burauza ka ga ko shafin firintar zai buɗe, ko ka shiga PowerShell ka buga Test-NetConnection da adireshin da -Port 9100. Idan kuma shafin bayanan ya nuna adireshi mai farawa da 169.254, firintar ta nemi mai ba ta adireshi ba ta samu ba, ta laƙaba wa kanta. Ko dai ta riga rawuta farkawa, ko kebul ya samu matsala, ko ramin da take ciki a suwic, akwatin da kebul-kebul ɗin ofis ke haɗuwa, ya ƙone.

Maganin ba wuya. A shiga rawuta a keɓe wa firinta adireshi ɗaya ta hanyar lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da aka ƙera ta da ita, ko a rubuta mata tsayayyen adireshi a jikinta, amma a wajen jerin da rawuta ke rabawa. Wanda ya ba ta tsayayyen adireshi a cikin jerin, ya ɗaga rigimar ne zuwa wani makon. Sannan a saba a ƙirƙiri Standard TCP/IP Port da hannu. Idan ka bar Windows ta nemo firintar da kanta, sau da yawa za ta haɗa ta da tashar WSD, mai dogon suna kamar lambar shasi. A gida wannan ba laifi. A saba ban yarda da ita ba, don na sha ganin firinta ta shiga barcin adana wuta ta ɓace mata.

Kafin in gyara lambar sai da na leƙa layin. Aiki sittin da wani abu ne a jere, takardar lodi ɗaya ma an aiko ta sau tara, domin ɗabi'ar ɗan Adam ce in ya danna bai ga komai ba ya sake dannawa. Da na gyara tashar ban share su ba, da firintar ta zazzage sulusin rim kafin a tsayar da ita. A share layi tukuna, sannan a buɗe hanya.

Akwai wata "Offline" ta ƙarya da ke rikita mutane. Adireshi daidai, shafin firinta na buɗewa, amma saba ta dage cewa firintar ba ta nan. A cikin Configure Port akwai wani ɗan akwati, SNMP Status Enabled. In an yi masa alama, saba tana tambayar lafiyar firinta ta wata ƙofa daban, 161, da wata kalma da aka saba bari a "public". Idan an kashe SNMP a firintar, ko an canja kalmar, ko katangar tsaro ta tare ƙofar, saba ba ta jin amsa, sai ta yanke hukuncin mutuwa a kan mai rai. Ko a daidaita kalmar a ɓangarorin biyu, ko a cire alamar a sake tayar da Spooler.

Shi kansa Spooler ɗin, duk wanda ya san hanyar Apapa ya san halinsa. Tirela ɗaya ta lalace a bakin get, sai layi ya kai Ijora. Fayil ɗaya da ya lalace, sau da yawa wani ƙaton PDF da aka yi sikanin, yana iya tsayawa a gaba ya ƙi fita ya ƙi goguwa, yana nuna "Deleting" har la'asar. A nan sai a buɗe wurin umarni da ikon mai gudanarwa, a buga net stop spooler, a share abin da ke cikin jakar PRINTERS, a bar ita jakar, sannan net start spooler. A sani cewa wannan shara ba ta zaɓe: aikin kowa, na kowace firinta da ke kan sabar, zai tafi. A sanar da mutane kafin a yi.

Idan Spooler na mutuwa da kansa a kai a kai, direba ake tuhuma. Direbobin gargajiya a cikin jikin Spooler suke gudana, in ɗaya ya faɗi ya ja shi su faɗi tare, duk firintocin ofis su ɓace. Tun Windows Server 2008 R2 akwai mafita: a cikin Print Management, a danna direban da ake zargi a sa shi Isolated, ya koma ɗakinsa shi kaɗai, in zai faɗi ya faɗi shi kaɗai. A kuma leƙa faifan C. Sabar da aka mayar rumbun ajiyar bidiyon biki, in ta cika, ba inda za ta rubuta aikin firinta.

Ƙarfe sha biyu saura aka fara miƙa wa direbobin tirela takardunsu. Na ɗauka na gama, sai Hajiya akanta ta leƙo daga ofishinta ta ce, "Malam, ni fa tawa har yanzu." Nan ne aka shiga ɓangaren da ya fi cin rai, wato tsakanin kwamfutar ma'aikaci da saba.

Gwajin farko a nan shi ne a danna maɓallin Windows da R, a rubuta karkatattun sanduna biyu (\\) da sunan saba. In taga ta buɗe ka ga firintocin, hanya lafiya. In ta ƙi da suna amma ta buɗe da adireshin IP, matsalar fassara suna ce, kuma sau da yawa wani ne ya sa wa kwamfutar 8.8.8.8 a matsayin DNS, mai fassara suna zuwa adireshi, don intanet ya ƙara gudu. Sabar Google ba ta san sunan wata kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur a Apapa ba. In ta ƙi ta ko'ina, a duba wane netwok kwamfutar take kai. Ma'aikata kan koma kan MiFi ɗinsu ko hotspot na waya in intanet na ofis ya yi nauyi, su manta. Wi-Fi na baƙi ma haka, an gina shi ne don ya hana na'urori ganin juna. Sai kuma ita sabar: idan Windows ta ɗauki netwok ɗin ofis a matsayin Public, katangar tsaro na rufe ƙofar 445 da ake raba fayil da firinta ta cikinta. Wannan kan faru bayan an canja rawuta.

Wani lokaci kalmar sirri ce. An canja ta a saba, amma kwamfutar ma'aikaci tana riƙe da tsohuwar a Credential Manager tana ta miƙa ta. Wani lokaci agogo ne. A ofishin da ke da domen, wato inda saba ɗaya ke riƙe da sunaye da kalmomin sirrin kowa, tsarin tantancewa na Kerberos ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin agogon kwamfuta da na saba. Kwamfutocin tokumbo da muke saya a Computer Village da yawa ɗan batirin agogonsu, CR2032 mai kama da kwabo, ya riga ya gaji, da an cire wuta kwanan wata ya koma shekarun baya. Batirin da kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba yana iya hana ofis aiki.

Tunda an ambaci tokumbo, a faɗi gaskiya: abin da ake kira saba a ƙananan ofisoshinmu da yawa kwamfutar tebur ce mai Windows 10 da aka tura lungu. Tana aiki, amma Windows ta tebur ba ta karɓar fiye da haɗi 20 a lokaci guda. Ofis ya girma, ma'aikaci na ashirin da ɗaya ya zo, sai a ga yau wannan ya kasa, gobe wancan, ya danganta da wanda ya riga zuwa aiki. In ka ji ana cewa firinta tana da aljanu, tana zaɓen mutane, ka ƙirga kwamfutocin.

Ta Hajiya ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tana ganin saba, tana ganin firintar, amma da ta danna Connect sai a watso mata lamba: 0x0000011b. Wannan lambar tana da tarihi, kuma wanda bai san tarihin ba zai yi gyaran gangar Auzinawa.

Windows na da wani tsari mai suna Point and Print. Ma'aikaci ya danna firintar da aka raba, kwamfutarsa ta jawo direba daga saba ta girka da kanta, ba sai an kira kowa ba. Sauƙi ne babba, amma Spooler yana gudana da iko mafi girma a kwamfuta, don haka duk wanda ya iya ruɗarsa ya girka direban bogi, ya mallaki na'urar. A ƙarshen Yunin 2021 wasu masu bincike suka saki bayanin yadda ake cin gajiyar wata ɓaraka a Spooler, suna zaton an riga an toshe ta, ashe da saura. Ita ce aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, mai lamba CVE-2021-34527. Microsoft ta fitar da gyaran gaggawa a farkon Yuli, sannan ranar 10 ga Agusta 2021 ta sauya doka gaba ɗaya: daga ranar, sai mai ikon gudanarwa ne zai girka direban firinta ta Point and Print. Shi ya sa tun lokacin ma'aikata ke ganin ana tambayarsu kalmar sirrin admin a kan abin da da suke yi da dannawa biyu.

Ita kuma 0x0000011b daga wata ɓaraka daban ta fito, CVE-2021-1678. An fitar da gyaranta tun Janairun 2021, amma sai da sabuntawar 14 ga Satumba aka tilasta shi. Daga nan sabar da ta sabunta ba ta karɓar hirar firintin sai a lulluɓe, wato a ɓoye abin da ke wucewa tsakaninsu. Kwamfutar da ba ta sabunta ba ba ta iya wannan hirar, sai saba ta juya mata baya. A ofisoshinmu kuwa kashe sabuntawa al'ada ce, don tsoron cin data. Sai ka tarar da saba ta bana, kwamfutar akawu ta shekara uku baya, ta akanta kuma Windows 7, wadda aka daina ba ta gyara kyauta tun 14 ga Janairu 2020. Ta Hajiya kenan.

Duk wanda ya nemi lambar a intanet zai ga magani ɗaya ana ta yaɗawa: ka shiga rajistar saba, inda Windows ke ajiye saitunanta, ka ƙirƙiri RpcAuthnLevelPrivacyEnabled ka ba shi 0, ka sake tayar da Spooler. Yana aiki, ban musa ba. Haka ɗan'uwansa RestrictDriverInstallationToAdministrators, a mayar da shi 0 tambayar admin ta ɓace. Amma abin da aka yi shi ne makulli ya yi tauri, an cire ƙofar an jingine. Ita Microsoft ta faɗa ƙarara cewa babu wasu dabarun kariya da za a haɗa su maye gurbin barin wannan na biyun a kan 1. Ina iya yin na farkon na awa biyu ranar biyan albashi, in rubuta a littafi, in dawo in mayar. Abin da ba na yi shi ne in bar shi in karɓi kuɗina in tafi, a ofishin da takardun kwastan da bayanan banki ke kan sabar, kuma Wi-Fi ɗinsa har mai gadi ya san kalmar.

Hanyar ƙwarai ta fi tsawo. A sabunta saba da kwamfutoci su zo daidai, in data ake ji a yi da dare ko a sauke gyaran sau ɗaya a zagaya da shi a filas. A girka direban a kowace kwamfuta da ikon admin tun farko, iri ɗaya sak da na saba, yadda ba abin da za ta nema ta jawo. Ko a koma direbobi nau'i na 4, waɗanda suka zo da Windows 8 da Server 2012, domin su ba a kwafo su daga saba. Aibinsu shi ne wani lokaci zaɓuɓɓukan firintar kan ragu a wajen ma'aikaci. Kwamfutar da ba ta sabuntuwa kuwa, a cire ta daga sabar a haɗa ta da firinta kai tsaye ta adireshin IP. Haka na yi wa Hajiya. An rasa lissafin abin da take bugawa, amma ba a buɗe wa kowa ƙofa ba.

Sababbin kwamfutoci ma suna da tasu. Daga Windows 11 sigar 22H2 aka canja hanyar da kwamfuta ke bi ta yi wa saba maganar firintin, ta koma RPC a kan TCP. Wannan na bukatar ƙofa 135 da jerin ƙofofi daga 49152 zuwa 65535 su kasance a buɗe a saba. Inda wata manhajar kashe bairos ta kafa tata katangar, sai sabuwar laftof ɗin manaja ta riƙa nuna 0x00000bc4 ko 0x00000709 alhali tsofaffin suna bugawa lafiya. Ko a buɗe ƙofofin a cikin netwok na ofis, ko a shiga Group Policy ƙarƙashin Printers a daidaita Configure RPC connection settings.

Sauran ƙananan na wuce su da sauri. Kwamfuta mai 32-bit tana bukatar nata direban a ƙarƙashin Additional Drivers, kuma sunansa ya zo daidai da na 64-bit harafi da harafi. Firintar da ke amayo shafuka masu layi ɗaya na baƙaƙen alamomi, an aika mata harshen da ba ta ji ne, PostScript a maimakon PCL ko akasin haka. A shafin Security, Deny yana rinjayar Allow, don haka mutum ɗaya da ke cikin rukuni biyu yana iya samun kansa a waje. Takardar da ke cushewa a damina kuwa ba ruwan saba, laimar Legas ce ta shiga rim ɗin da aka bari a buɗe.

Ɗaya ce zan ɗan tsaya a kanta, don tana cin lokacin mutane kullum. Direbobi da yawa suna zuwa da girman takardar Amurka, Letter, mu kuwa A4 muke saya, mai milimita 210 da 297. Sai firinta ta tsaya tana ƙyafta jar fitila tana jiran takardar da babu ita a kasuwar Mushin, layi ya taru a bayanta. Mai gyara ya hau saba ya canja a Preferences, ya ga ta yi, ya tafi, gobe a sake kiransa. Preferences na wanda ya shiga sabar ne shi kaɗai. Wanda ke bin kowa yana shafin Advanced, maɓallin Printing Defaults.

Masu sabar Linux da CUPS, tsarin firintin ɗinta wanda ake sarrafawa ta burauza a ƙofa 631, su lura da abu ɗaya da ya dace da halin wutarmu. A tsarinsa na asali, in aika aiki ya gaza, yana dakatar da layin firintar gaba ɗaya, kuma ko wuta ta dawo ba ya tashi sai an ce masa cupsenable. A mayar da dokar kuskuren retry-job a huta. Masu shirin sayen sabuwar firinta a Otigba, wato Computer Village, kuma su tambayi ko tana jin IPP, harshen firintin na ƙofa 631, kuma tana da shaidar Mopria, alamar cewa za ta yi aiki ba tare da direban kamfani ba. Tun 2023 Microsoft ta sanar za ta janye hannu a hankali daga rarraba direbobin kamfanoni, kuma Windows 11 sigar 24H2 ta zo da Windows Protected Print, wanda in aka kunna shi ba ya aiki da tsofaffin direbobin sam.

Kafin in bar Apapa na buɗe Event Viewer, na gangara zuwa PrintService, na kunna kundin Operational, wanda a kashe yake zuwa. Daga ranar duk takardar da ta fita tana barin shaida mai lamba 307: sunan wanda ya aiko da adadin shafuka. Da na nuna wa Alhaji sai ya gyara zama, ya jawo tabarau. "Wato zan ga mai cinye mini tona?" Na ce, "Za ka gani, ranka ya daɗe, ban da Hajiya, ita ba ta bi ta saba." Ya ce ai Hajiya ba ta da matsala. Na ce kwamfutarta ce ke da ita, kuma ita kanta sabar Windows 10 ce, wadda wa'adin tallafinta 14 ga Oktoba 2025 ne. Ya tambayi kuɗin sabuwa, na faɗa, ya cire tabarau ya mayar aljihu, ya ce a bari motocin Kano su dawo tukuna. Na yanki farin selotef na rubuta adireshin firintar da maka, na manna a goshinta, na rubuta lambar wayata a ƙasa.